Sa'o'in farko a asibiti: Yadda gwajin gaggawa ke gano ƙwayar cutar da ta shiga jini

Idan aka kai mutum asibiti ranga-ranga, jiki ya yi zafi rau, numfashi na fita sama-sama, ƙarfin bugun jini ya faɗi, tambayoyi biyu ne ke gaban likita: wace ƙwayar cuta ce ta shiga jikin nan, kuma wane magani ne zai kashe ta? Shekara da shekaru, amsar waɗannan tambayoyi kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci har huɗu, kafin ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje. Shi kuwa wanda ke kwance a sashen kula da masu tsananin rashin lafiya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ICU, ba lallai ne jikinsa ya iya jiran kwana uku ba.

A 'yan shekarun nan an ƙirƙiro hanyoyin gwaji da ke rage wannan jira zuwa 'yan sa'o'i. Sai dai binciken masana ya nuna cewa na'ura komai saurinta ba ta da amfani idan ba a ɗibi jinin a kan lokaci ba, ko kuma sakamakon ya fito ya kwana a lab bai isa hannun likita ba. A asibitocinmu, inda dangi ne ke biyan kuɗin gwaji, su kai samfur, su karɓo sakamako, wani babban kaso na wannan aiki a hannun masu jinya yake.

Mece ce cutar sefsis?

Sefsis, wadda wasu ke kira gubar jini, yanayi ne da ke faruwa idan garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙar wata cuta, har ta koma tana lahanta sassan jikin da take karewa. Ƙoda ta rage fitar da fitsari, huhu ya kasa wadatar da jiki da iska, ƙwaƙwalwa ta rikice. Mafarinta na iya zama namoniya, ko ciwon mafitsara, ko gyambon mai ciwon suga, ko wurin da aka yi tiyata, ko mahaifar mai jego, ko cibiyar jariri.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2020 sun nuna cewa a shekarar 2017 mutum kusan miliyan 49 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 daga ciki suka rasu. Wato cikin kowane mutum biyar da suka mutu a wannan shekara, ɗaya sefsis ce sanadinsa. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na masu cutar suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki ne, irin tamu.

Wani sanannen bincike da aka yi a asibitocin Kanada da Amurka, aka wallafa a 2006, ya gano cewa ga wanda bugun jininsa ya riga ya faɗi saboda sefsis, kowace sa'a ɗaya da aka yi jinkirin ba shi maganin da ya dace tana rage yiwuwar tsirarsa da kashi 7.6 cikin 100. Binciken da suka biyo baya sun sami adadin da bai kai haka ba, amma sun tabbatar da cewa jinkiri na kashe irin waɗannan marasa lafiya. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin duniya suka amince da ita a 2021 ta ce a fara ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a ɗaya, kuma a ɗibi jinin gwaji kafin a soka allurar farko matuƙar hakan ba zai kawo tsaiko ba.

Ina kwana ukun ke tafiya?

Da yawa daga masu jinya kan ɗauka sakaci ne ke sa sakamakon gwajin da ake kira kalca ya daɗe. Alhali kuwa aikin ne ya gaji haka, domin renon ƙwayar cutar ake yi sai ta hayayyafa ta kai yadda za a iya ganinta.

Ana zuba jinin a cikin wasu kwalabe na musamman masu ɗauke da abincin da bakteriya ke so, a ajiye su a ɗumi daidai da na jikin mutum. A inda ake da na'ura mai sa ido da kanta, irin su BACTEC da BacT/ALERT, na'urar ce ke lura da iskar da ƙwayoyin ke fitarwa idan sun fara yawa, sai ta yi ƙara. Yawancin ƙwayoyin cuta masu haɗari kan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan aka kwana biyar ba a ga komai ba, sai a rubuta cewa babu abin da ya tsiro. A inda babu na'urar, ma'aikaci ne ke duba kwalaben da idonsa, kuma jiran kan kai mako guda.

Da zarar kwalba ta nuna alama, sai a ɗiga kaɗan a kan gilashi, a rina shi, a duba ta madubin likita. Wani likita ɗan ƙasar Denmark mai suna Hans Christian Gram ne ya fito da wannan rini a 1884, kuma har gobe da shi ake aiki. Cikin 'yan mintoci yake raba bakteriya gida biyu. Akwai masu ɗaukar launin shunayya irin su Stafilokokus, akwai masu ɗaukar ruwan hoda irin su I-kolai da Kilebsiyela da Salmonela mai kawo taifod. Wannan kaɗai ya isa ya sa likita ya gyara magani, idan labarin ya same shi nan take.

Daga nan sai a shuka ƙwayar a kan faranti ta kwana, a gano ainihin sunanta. Sannan a sake shuka ta a wani farantin, a jera mata 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, ta sake kwana. Maganin da ya hana ta tsirowa a kewayensa shi ne mai aiki a kanta. Idan aka haɗa waɗannan matakai, kwana ukun ke nan.

Maganin lalube da illarsa

Tunda ba za a zuba wa mara lafiya ido ana jiran sakamako ba, likita kan fara da magani mai faɗi wanda ke kashe nau'o'in bakteriya da yawa, irin su seftiriyazon, ko merofenem idan abin ya yi ƙamari. Dabara ce mai kyau, amma lalube ne a cikin duhu, kuma matsalarsa biyu.

Ta farko, mai yiwuwa ne ƙwayar ta riga ta bijire wa maganin, a yi ta ɗura wa mutum allurai masu tsada na kwana uku cutar na ci gaba da cin jikinsa. Wani gagarumin bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ga magunguna ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a duniya, kuma yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma, inda aka sami mutuwar mutum 27 cikin kowane 100,000.

Ta biyu, idan magani mai sauƙi da araha ma zai iya kashe ƙwayar, to ci gaba da ba da mai ƙarfin asarar kuɗi ne, ga wahalar da ƙoda da hanji, ga kuma koya wa sauran ƙwayoyin da ke cikin jiki da cikin asibitin yadda za su bijire masa. Amfanin gwajin gaggawa shi ne ya taƙaita wannan lokaci na lalube, a san ko ƙara ƙarfin magani za a yi ko rage shi.

Hanyoyin da ke rage jira

Ta farko ita ce na'urar da ake kira MALDI-TOF. Ana ɗora ɗan ƙwayar da ta tsiro a kan wani ƙarfe, a harba mata hasken leza, na'urar ta auna nauyin sinadaran jikinta ta kwatanta da bayanan da ke cikin kwamfuta, kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. Aikin da kan ci kwana guda sai ya koma na 'yan mintoci. Wani masani ɗan Japan, Koichi Tanaka, yana cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 2002 saboda binciken da ya share fagen wannan fasaha. Kuɗin gwada kowane samfur ba shi da yawa, sayen na'urar da kula da ita ne jidali. Kuma sunan ƙwayar kawai take faɗa, ba ta faɗin maganinta.

Ta biyu ita ce PCR, wadda jama'a suka saba jin sunanta a lokacin annobar korona. Ita ba ta jiran ƙwaya ta girma a faranti, ƙwayoyin halittarta na gado take nema ta ninka su har a gane su. Akwai na'urori irin su BioFire FilmArray da ke ɗaukar ɗigo daga kwalbar da ta nuna alama, su bincika abubuwa 43 a lokaci guda cikin kimanin sa'a ɗaya, har da wasu alamomin da ke nuna cewa ƙwayar ta bijire wa manyan magunguna. Akwai irinsa na ruwan ƙashin baya ga wanda ake zargin sanƙarau, mai neman ƙwayoyin cuta 14, akwai kuma na majinar huhu ga wanda ke kan na'urar taimakon numfashi. Iyakarsa ita ce abin da aka tsara masa kaɗai yake gani, kuma kowane gwaji ɗaya yana da tsada sosai. Saboda haka ko an yi shi, ba a fasa yin kalca.

Ta uku ba ta bukatar wata sabuwar na'ura, kuma ita ce ta fi dacewa da aljihun asibitocinmu. A 2018 kwamitin ƙwararru na Turai da ake kira EUCAST ya fitar da ƙa'idar da ta ba da damar a shuka jinin kwalbar kai-tsaye a kan faranti tare da takardun magungunan, a karanta sakamako bayan sa'a 4 ko 6 ko 8. Abin da take bukata shi ne ma'aikaci mai horo, wutar lantarki mai ɗorewa, da lab ɗin da ke aiki dare da rana.

Akwai kuma gwaje-gwajen gaggawa da tuni suka zama ruwan dare a ƙasar nan. Na zazzaɓin cizon sauro yana fita cikin minti 15 zuwa 20. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana gano tarin fuka cikin ƙasa da sa'a biyu, ta kuma faɗi ko ya bijire wa maganin rifamfisin, kuma kyauta ake yin gwajin a cibiyoyin gwamnati da ke cikin shirin yaƙi da cutar. Zazzaɓin Lassa ma da PCR ake tabbatar da shi, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a Jihar Edo da babban ɗakin gwaje-gwaje na hukumar NCDC da ke Gaduwa a Abuja. Wannan na da muhimmanci domin Lassa bairos ne ke kawo ta, maganin bakteriya ba ya taɓa ta.

Sauri kaɗai bai wadatar ba

A 2015 aka wallafa wani gwaji da aka yi a asibitin Mayo Clinic da ke Amurka a kan marasa lafiya 617 waɗanda aka sami ƙwayar cuta a jininsu. An raba su gida uku. Kashi na farko aka bi tsohuwar hanya, na biyu aka yi musu PCR na gaggawa aka aika sakamako, na uku kuma aka yi PCR ɗin sannan wata tawagar ƙwararru ta riƙa kiran likitan da ke kula da mara lafiyan tana ba shi shawarar abin da zai canza.

Na'urar ta rage lokacin gano sunan ƙwayar daga sa'a 22 zuwa sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Amma da aka duba tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a sauke mara lafiya daga magani mai faɗi zuwa wanda ya dace da cutarsa, sai aka ga kashi na farko sa'a 34, na biyu sa'a 38, na uku sa'a 21. Ma'ana, inda babu mai bibiyar sakamakon, saurin na'urar bai canza komai ba ta wannan fuska. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 31 ya zo da irin wannan darasi: raguwar mace-mace ta fito fili ne a asibitocin da suka haɗa gwajin gaggawa da tawagar da ke sa ido kan yadda ake rubuta magunguna.

Halin da ake ciki a gida

Wani bincike da aka gudanar a ƙasashen Afirka 14, ciki har da Najeriya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022, ya gano cewa cikin ɗakunan gwaje-gwaje kusan 50,000, kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke yin gwajin renon bakteriya. Ashe ke nan kafin a kai ga maganar sakamakon sa'a ɗaya, yawancin marasa lafiya ko na kwana ukun ma ba sa samu.

Mazauna manyan birane irin su Legas da Ibadan da Abuja da Fatakwal sun fi samun sauƙi, domin asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya suna da sashen nazarin ƙwayoyin cuta, haka ma wasu manyan lab masu zaman kansu. Najeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, ta sabunta shi a 2024, kuma inganta ɗakunan gwaje-gwaje na cikin ginshiƙansa.

Giɓin da rashin kalca ya bari, gwajin Widal ne ya cike shi. Kusan duk mai zazzaɓin da ya je ƙaramin lab zai dawo da takarda an rubuta masa "taifod da maleriya". Gwaji ne da aka ƙirƙiro tun 1896, kuma martanin garkuwar jiki yake aunawa, ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. Yakan nuna akwai taifod ga wanda ya taɓa yinta a baya, ko mai maleriya, ko mai wata cutar daban. Yana fita da wuri, amma bai kamata a dogara da shi kaɗai ba ga wanda jikinsa ya yi tsanani. Haka kuma samun maleriya a jinin yaro bai kore cewa akwai bakteriya tare da ita ba. Idan an fara maganin maleriya jiki bai yi sauƙi ba, a koma wa likita.

Abin da ke hannun masu jinya

Na farko, a san alamomin da ba a kwana da su a gida. Ga babba: rikicewar hankali ko sambatu, rawar sanyi mai tsanani, numfashi da sauri, wuni guda babu fitsari, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi. Ga jariri: ƙin kama nono, yawan barci da laushin jiki, zafi ko sanyin jiki fiye da kima, jijjiga, cibiya ta yi ja ko tana ruwa. Ga mai jego: zazzaɓi, ciwon mara, da fitar ruwa mai wari. Duk wanda aka ga haka a tare da shi, asibiti za a nufa kai-tsaye, ba kemis ba.

Na biyu, a daina fara ba mara lafiya kafso ko allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin a je asibiti. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ɗibi jinin mutum 325 masu sefsis mai tsanani sau biyu, kafin a ba su magani da kuma jim kaɗan bayan an ba su. Kafin magani an kama ƙwayar a jinin kashi 31 cikin 100, bayan magani kuwa kashi 19 kawai. Maganin da aka sha a gida na iya hana ƙwayar tsirowa a kwalba ba tare da ya kashe ta a jiki ba, sai sakamako ya fito babu komai alhali cutar na nan.

Na uku, idan an riga an sha, a faɗa wa likita gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tafi da kwalin maganin ko fankon kwalbar, ko Ampiclox ne ko Flagyl ko ja da yalo, har da na gargajiya. A kuma faɗi ko an kwanta a wani asibiti a watannin baya, domin ƙwayoyin da ake ɗaukowa a asibiti sun fi bijire wa magani.

Na huɗu, kada a hana ɗibar jini don tsoron zai ƙare. Ga babba, ana son a cika kwalabe huɗu, kowace da mililita 8 zuwa 10, jimilla bai kai cokalin cin abinci uku ba, alhali jikin babba na ɗauke da kusan lita biyar. Na jariri kuwa bai kai cokalin shayi ɗaya ba. Dalilin neman da yawa shi ne ƙwayoyin cutar ba su da yawa a cikin jinin babba, idan aka ɗibi kaɗan ana iya kuskure su.

Na biyar, idan aka ba ka kwalba ka kai lab, ka kai ta nan take. Ba a sa ta a firji, ba a barinta a rana ko cikin mota, ba a ajiye ta sai gobe don an rufe wurin biyan kuɗi. Idan kuɗin ne bai cika ba, a sanar da likita ko nas mai kula da ɗakin, a kuma nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda manyan asibitocin gwamnati ke da shi. Duk sa'ar da kwalba ta yi a hannu, ƙari ne a kan jiran sakamako. Idan kuma waje za a kai, a zaɓi lab mai rajista da hukumar MLSCN da ke kula da ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasar nan.

Na shida, a yi tambaya cikin ladabi. An ɗibi jinin kalca kafin a fara allura? Yaushe ake sa ran sakamakon farko? Ba sai an jira takardar ƙarshe ba, domin sakamakon rinin Gram na iya fitowa kwana ɗaya ko biyu kafin ta. A bar lambar waya a lab, a riƙa leƙawa safe da yamma, kuma da zarar wani abu ya fito a sanar da likitan da ke bakin aiki ko da tsakar dare ne. Idan asibitin na da gwajin PCR na gaggawa kuma aka ce a biya, a tambayi likita ko sakamakon zai iya canza maganin da ake bayarwa. Idan zai canza, kuɗin bai tafi a banza ba.

Na ƙarshe, idan sakamako ya fito likita ya sauke mara lafiya daga allura mai tsada zuwa mai araha, ko ya rage yawan magunguna, kada a ɗauka an yi masa rowa ko an fid da rai da shi. Alama ce ta cewa an gano ƙwayar, an kuma san abin da ke kashe ta. Haka nan idan aka ce a dakatar da maganin gaba ɗaya don gwaji ya nuna ba bakteriya ba ce, kada a saya a ɓoye a ci gaba da bayarwa.

Ranar 13 ga Satumbar kowace shekara ce aka ware don wayar da kan jama'a game da sefsis a duniya. Sababbin na'urori za su ci gaba da shigowa manyan asibitocinmu sannu a hankali, gwargwadon kuɗi da wutar lantarki da ƙwararrun da za su sarrafa su. Kafin su wadatu, iyalin da suka kai mara lafiyansu da wuri, ba su ɗura masa magani a gida ba, suka bari aka ɗibi jini kafin allurar farko, suka kuma bi sawun sakamakon har hannun likita, sun rage masa sa'o'i masu yawa na jira ba tare da sun biya kuɗin wata na'ura ba.